Kada Mu Jefar Da Tsohuwar Rediyon Falo

A gidaje da yawa na zangunanmu, daga Nima ta Accra da Zangon Kumasi har zuwa Briqueterie ta Yaoundé, akwai tsohuwar na'urar sauti da aka ture kusurwar falo. Akwatin amfilifaya ne da manyan lasifikoki biyu na katako, wani sa'i har da rikodar kaset a samansa, ƙura ta lulluɓe su. Iyayenmu sun saye su da gumin goshi, a cikinsu suka saurari Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge. Yau waƙoƙin sun koma cikin wayar hannu, kowa ya toshe kunnuwansa yana ji shi kaɗai. Ra'ayina shi ne wannan canji ya ci mana riba fiye da yadda muke zato, kuma maganinsa bai wuce kebul ɗaya da kwamfutar cinya ba.

Mu fara da abin da kunne ke rasawa. Sauti mai kauri, irin amon ganga da rugugin ƙwaryar amada, ba ya fitowa sai an tura iska mai yawa, shi ya sa ake yi wa lasifika faɗi a kuma gina mata akwati. Lasifikar waya ba ta kai girman farce ba, ta kwamfuta kuwa kaɗan ta ɗara ta. Suna fitar da muryar mawaƙi, su zubar da ƙasan kiɗan. Ga waƙar Hausa wannan babbar asara ce, domin kalangu da kotso magana suke yi. Makaɗi na matse tsarkiya yana sassautawa don ya bi hawa da saukar muryar harshenmu, yana amsa wa mawaƙi, yana yi wa mutum taakensa. Wanda ya ji Bakandamiyar Shata ta bakin waya, rabinta ya ji.

Haɗin kuwa ba ya bukatar injiniya. Ana neman kebul mai siririn kai na milimita 3.5 a gefe ɗaya, irin na abin sauraron kunne, da kawuna biyu, ja da fari, a ɗaya gefen. Siririn kan ya shiga kwamfuta, ja da farin su shiga bayan amfilifaya a ramukan da aka rubuta AUX ko CD ko TAPE. Ja na dama ne, fari na hagu. A kiyayi ramin PHONO. Na garmaho ne, wanda siginarsa ba ta da ƙarfi, don haka ramin yana ninka ta sosai yana kuma ƙara mata kauri. In aka zuba masa sautin kwamfuta sai ya fito a dagule, har yana iya cutar da lasifika. A rage ƙarar amfilifaya kafin a kunna, a ɗaga ta kwamfuta kusa da ƙarshe, sannan a riƙa daidaitawa daga amfilifaya.

Matsala biyu aka fi cin karo da su. Ta farko gurnani ne da ke tashi da zarar an jona caja, ya ɗauke idan kwamfuta ta koma kan batiri. Sau da yawa yana raguwa in aka jona na'urorin biyu a soket ɗaya. In ya ƙi, akwai ƙaramar na'ura mai tace shi da ake sawa a tsakiyar kebul. Wanda ke son sauti mai tsabta fiye da na ramin kwamfuta kuma, sai ya nemi na'urar DAC mai shiga ramin USB, wadda ke karɓar aikin mayar da lambobi sauti daga hannun kwamfutar. Ta biyu ta shafi masu sayen kayan gwanjo. Wutar Ghana da Kamaru da Chadi volt 220 zuwa 230 ce, alhali kayan da aka ƙera wa kasuwar Amurka na 120 ne, na Japan kuwa 100. A duba rubutun bayan akwatin kafin a jona, in ba haka ba hayaƙi za a gani.

Sai abin da ake zubawa a ciki, domin abin da ka shuka shi za ka girba. Faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kuma minti ɗaya na cin kusan megabait 10. MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa, yana iya matse wannan mintin ya koma kusan megabait 1 ta hanyar zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba. Matsa ɗaya ba ta da laifi sosai. Amma waƙar da aka ciro daga bidiyo, aka sake matsewa, aka sake ɗorawa, kowane zagaye yana yagar rabonsa, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Babbar lasifika ba ta rufa wa irin wannan fayil asiri.

Nan ne kwamfuta ta fi waya amfani nesa ba kusa ba, don tana iya ɗauka kamar yadda take iya kunnawa. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zare ne mai maganaɗisu; zafi da laima da ƙurar hunturu suna cin sa, rikodoji na mutuwa, masu gyaransu na ƙaranci. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Fitattun waƙoƙinsu sun samu masu adanawa. Amma wa zai adana kaset ɗin makaɗin zango da ya yi wasa a bikin kakarmu, ko na naɗin wani Sarkin Zango, wanda watakila kwafi ɗaya ne tak a duniya? Da rikoda mai lafiya, da ƙaramar na'urar ɗaukar sauti ta USB, da manhajar Audacity wadda kyauta ce, ana iya juye shi. A ajiye shi a tsarin WAV ko FLAC da ba sa zubar da komai, a rubuta sunan mawaƙi da gari da shekara in an sani, a yi kwafi biyu a wurare daban.

Wani zai ce yawancin waɗannan waƙoƙi tun asali ba a ɗauke su da kayan kirki ba, me babbar lasifika za ta ƙara? Gaskiya ne ba za ta ƙirƙiro abin da babu ba, har ma za ta fito da shuuu ɗin kaset fili. Sai dai tana fito da duk abin da ya rage, kuma abin da ya rage ya fi abin da waya ke bayarwa. Wani kuma zai kawo batun kuɗi. Kebul ɗin bai kai kuɗin data na wata ba, kuma kada mai shago ya ruɗe ka da mai tsada. Ga tazarar mita ɗaya ko biyu, na talaka ya wadatar.

Babban dalili dai yana wajen 'ya'yanmu. Suna tashi da Faransanci ko Turanci a makaranta, da Twi ko Fulatanci ko Larabci a kasuwa, Hausarsu ta tsaya a ta cefane da gaisuwa. Hausar karin magana da kirari da habaici da zambo tana cikin waɗannan waƙoƙi. Abin toshe kunne na mutum ɗaya ne, lasifikar falo kuwa ta gida ce gaba ɗaya. Idan waƙa ta cika ɗaki, yaro zai ji kalmar da bai sani ba ya tambaya, kuma akwai kaka a zaune da za ta ba shi amsa, ta ƙara masa da labarin wanda aka yi wa waƙar. Wannan ba dalili ba ne na hana maƙwabta barci. Gidajenmu na haya a manne suke, kyan sauti kuma ba ƙara ba ne.

Saboda haka, kafin mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo ya yi wa akwatin nan tayin banza, a kakkaɓe shi, a kai wa mai gyaran rediyo ya duba. Matasan da ke da kwamfuta su zagaya gidajen dattawa su tambayi jakar kaset tun masu ita suna da rai, domin su kaɗai suka san muryar wane ne a ciki.