Hauka Ba Ƙofar Gudu Ba Ce

Duk sa'ad da alƙali ya ƙi yanke wa mai kisa hukuncin kisa domin an tabbatar ba shi cikin hankalinsa, sai ka ji zaure da kasuwa sun ɗauka, wai dabarar lauyoyi ce, wai bidi'a ce ta Turawa don masu laifi su kuɓuta. Masu faɗin haka ba su san dokar Turawa ba, ba su kuwa san tasu ba.

Mu fara da tamu. Musulunci ya ɗauke alƙalami daga mahaukaci har ya farfaɗo, gama hankali shi ne sharaɗin a ɗora wa mutum nauyi. Imamu Maliki ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa an kai wa Marwan, Gwamnan Madina, wani mahaukaci da ya kashe mutum, ya rubuta wa Halifa Mu'awiya, amsa ta zo cewa kada a yi masa ƙisasi. Malamanmu na Malikiyya sun ɗauki kisan mahaukaci tamkar kisan kuskure, watau diyya ta hau kan danginsa. Amma mai haukan lokaci-lokaci, in ya yi kisa sa'ad da ya ke garau, babu sassauci. Haka kuma wanda ya sha giya da gangan. To, ina bidi'ar?

Turawan Ingila kuwa sai bayan shekara fiye da dubu suka daidaita tasu ƙa'ida. A 1843 wani mutumin Sikotlan, Daniyel Maknoton, ya harbe Edwad Diramon, magatakardan Firayim Minista Robat Fil, yana ganin mutanen gwamnati na farautarsa. Kotu ta ce mahaukaci ne. Jama'a suka fusata, har Majalisar Dattawa ta nemi manyan alƙalai su bayyana doka. Suka ce kowa mai hankali ne sai an tabbatar da akasi, kuma ba mai kuɓuta sai wanda cutar ƙwaƙwalwa ta hana shi sanin abin da ya ke yi, ko sanin cewa mugun abu ne. Ma'anar nan ita ce ta shiga sashi na 51 na Dokar Finalkod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960.

Ku dubi ƙuncin ƙofar nan. Zafin rai bai isa ba, kishi bai isa ba, faɗin cewa Shaiɗan ne ya zuga ni bai isa ba. Nauyin kawo hujja yana wuyan wanda a ke tuhuma. Wanda ya shige ta kuma ba gida za shi ba. Maknoton ya shekara 22 a tsare a gidajen mahaukata, can ya mutu a 1865. Wane mai wayo ne zai sayi irin wannan tsira?

In ana neman abin zargi, ga shi nan a gabanmu. Mu kan ga ɗan'uwa yana surutu shi kaɗai, ya bar barci, ya fara zargin kowa, sai mu sa masa mari a ƙafa ko mu sake shi bisa titi yara na jifa. Ran da ya zub da jini, sa'an nan mu taru muna neman a rataye shi. Alhali tun 1954 Likita Lambo ya nuna a Aro ta Abekuta cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye, danginsu na tare da su. Ga asibitoci a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. A 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar Dokar Mahaukata ta 1958.

Saboda haka kada a taɓa wannan kariya. Abin da ya kamata mu matsa wa hukuma a kai shi ne biyu: wanda kotu ta ce mahaukaci ne a kai shi ga likita, kada a manta da shi a kurkuku, dangin mamaci kuwa a biya su diyyarsu yadda malamai suka tsara, kada su koma gida hannu rabbana. Kashe wanda bai san abin da hannunsa ya yi ba, ba ya hana wani mahaukaci kisa, sai dai ya ƙara gawa a kan gawa.

Allah Ya bar mu da hankulanmu, amin.