Allura ta uku

Jama'a, ba zan gaji da maganar allura ta uku ba. Tun 2014 Najeriya ta fara yi wa jarirai allurar rigakafin PCV kyauta, a mako na 6, na 10 da na 14. Ita ce ke tare ƙwayar cutar da ke kama huhun yaro, wadda wani lokacin ma takan jawo sanƙarau. A Gambiya, gwajin da aka fitar da sakamakonsa a 2005 ya nuna allurar ta rage mutuwar yara da kashi 16 cikin ɗari. Amma mu nan, uwa ta kai yaro ta farko da ɗoki, ta biyu da ƙyar, da jikinsa ya ɗan yi zafi da dare sai kaka ta ce a bari haka. Maigida kuma, mai ba da kuɗin mota, ya yi gum. Wannan ai yin daɓen ɗaki ne a bar rufi ga damina tafe. Sai hunturu ya shigo, hayaƙin itace ya turnuƙe gida, ƙirjin yaro na lotsawa yana numfashi sama-sama, sannan a tuna katin asibiti na can ƙasan akwati.