Lantarkin da ke kwance a lakar Kogin Kano

Ruwan da ke cika madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta cikin dajin Falgore yake biyowa. Kogin Kano ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa Doguwa da Tudun Wada kafin ya isa madatsar. Don haka mai son ya san ambaliya na tafe tun kafin ta iso, a Falgore ya kamata ya kafa na'urar auna ruwa. To, wa zai kula da ita? Daji ne da ya yi ƙaurin suna wajen ɓarayin shanu, har sojoji suka kafa filin atisaye a cikinsa. Farantin sola a can gayyatar ɓarawo ne, wanda ya tsira kuma ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. Batir kuwa sai wani ya sayar da rai ya je ya sauya.

Ni a ganina amsar tana cikin lakar kogin. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune can ƙasan taɓo, inda iska ba ta kaiwa, suna cin ruɓaɓɓen ganye suna sakin ilektaron. Wani abu ya saki, wani ya karɓa: wannan musayar ce take sa ƙarfe tsatsa, ita ce kuma ke aiki cikin kowane batir. Idan aka binne sandar kabon a cikin laka, aka bar wata a saman ruwa inda akwai oksijin, aka haɗa su da waya, ilektaron za su bi wayar. Lantarki ke nan. Masani M. C. Potter ya nuna cewa bakteriya na iya samar da lantarki a Ingila tun 1911, kuma masu binciken sojan ruwan Amurka sun kunna na'urar auna yanayi da lakar Kogin Potomac.

Kada mai karatu ya yi zumuɗi. Ƙarfin bai kai bolt 1 ba, ko wayar hannu ba zai caja ba. Amma na'urar da aikinta ta farka sau ɗaya a awa, ta auna zurfin ruwa, ta aika 'yan lambobi ta rediyo, ta koma barci, tana iya tara wannan ɗigon har ya ishe ta. Kuma ba ta da abin da za a kai kasuwa a sayar.

Babban ƙalubalen shi ne rani. Laka ta bushe, bakteriya su yi sanyi, wuta ta ɗauke. Sai dai ambaliya ba da rani take zuwa ba. Lokacin da ake bukatar na'urar shi ne lokacin da lakar ta fi jiƙa.

Shawarata ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da Jami'ar Bayero ita ce su gwada 'yan ƙalilan na damina guda, su fara daga gefen Tiga inda ake iya zuwa a duba, sannan su matsa cikin dajin. Manomin shinkafa a Kura da Auyo shi ke jiran wannan labarin, domin shi ruwan ke iskewa cikin dare.