FILIN KIMIYYA: Ina Manhaja Ke Ajiye Abin Da Ka Zaɓa?

Yau za mu duba wani abu ne da kowa ke cin moriyarsa bai lura ba, sai ran da ya ɓace masa.

Mutum ya buɗe manhaja a wayarsa, ya ƙara girman rubutu saboda ido ya soma rauni, ya zaɓi Hausa, sa'an nan ya rufe. Kashegari ya tarar da kome yadda ya bar shi. To, ina aka ajiye zaɓin nan? Ba a ƙwaƙwalwar aiki ta wayar ba dai, gama ita kamar allo take, da an rufe manhaja ko an kashe waya sai a wanke ta tas. Abin da masu tsara manhaja ke yi shi ne su buɗe wani ɗan littafi a ma'ajiyar dindindin, kowane layi abu biyu rak, wato suna da abin da ke gabansa. Misali "harshe", gabansa "Hausa". "Girman rubutu", gabansa 18. Sunan nan shi ake kira mabuɗi, domin da shi ake nemo abin da aka ajiye. In manhaja ta nemi mabuɗi ba ta same shi ba, sai ta koma ga abin da mai tsara ta ya tanada tun fil azal. Dalili ke nan in ka goge bayananta take komawa yi maka Turanci, sai ka ce ba ta taɓa saninka ba.

Dabarar kuwa ba sabuwa ba ce. Windows ta yi shekaru tana dogara ga ƙananan fayilolin INI kafin Microsoft ya shigo da Registry a 1992. A wayoyin Android littafin nan sunansa SharedPreferences, kuma a 2020 Google ya gabatar da DataStore domin ya gaje shi, saboda tsohon yakan sa manhaja ta sandare tana jiran a gama rubutu.

Amma inda nake da magana da matasanmu masu koyon wannan sana'a shi ne, ganin sauƙin littafin ya sa waɗansu suna zuba masa abin da ba nasa ba. Na farko, SharedPreferences ɗungurungum ake ɗauko shi zuwa ƙwaƙwalwar aiki, saboda haka in ka jibga masa sunayen masu ciniki dubu, nauyin a kan mai waya zai ƙare. Na biyu, wanda ya fi damuna, rubutun cikinsa a fili yake, ba a sirrance ba. Gaskiya ne Android tana hana sauran manhajoji leƙawa, amma duk wanda ya karya tsaron wayar zai karanta shi kamar wasiƙa. Ajiye kalmar sirrin mutum ko lambar asusunsa a nan cin amana ne, ko da ba da gangan ba, alhali kuwa ga Keystore a Android, ga Keychain a wayoyin Apple, an tanade su musamman domin tsare irin wannan sirri.