Kuɗin Gwajin Jini Ba Asara Ba Ne

'Yan Adamawa mazauna Ikko da Fatakwal sukan aika da kuɗin magani gida, amma sau da yawa akan manta da na gwaji. Majinyacin da aka kwantar a Yola ko Jimeta, musamman bayan tiyata, akan yi masa allurar heparin don kada jininsa ya daskare. To, ga wasu sai reshe ya juye da mujiya: tsakanin kwana 5 zuwa 10, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su ragu da rabi, jini kuma ya yi guda a ƙafa ko huhu. Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini ke tona wannan, likita ya canja magani. Saboda haka mai aike ya ware kuɗin gwaji tun farko. Rigakafi ya fi magani.