Ra'ayinmu: Shafin da Ya Fi Ƙarfin Tafin Hannu

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu suna tsaron shago da rana a Kasuwar Singa, a can kuma suke bitar darasi a waya, tsakanin mai sayen katan ɗin taliya da mai cinikin buhun sukari. Abin da ake turo musu kuwa PDF ne, galibi ma hoton takarda kurum aka ɗauka. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 domin shafi ya zauna daram yadda aka tsara shi, alhali shafin A4 ya fi ƙarfin tafin hannu. Sai ɗalibi ya yi ta jan rubutu hagu da dama har idanunsa su yi ja.

Haƙiƙa akwai magani. Tsarin EPUB, wanda ya fito a 2007, yakan bar layi ya bi faɗin allo, mai karatu ya ƙara girman haruffa gwargwadon ganinsa. Manhajar Calibre tana juya takardar Word zuwa EPUB, ba ko kwabo. Amma hoton takarda ba ya juyuwa sai na'ura ta karanto haruffan, a nan kuwa Hausa ke shan wuya: ƙugiya takan zube, ƙasa ta koma kasa, baƙi su zama baki. Ɗalibin Hausa da ya kwashi wannan ya kai zauren jarrabawa, wa zai mayar masa da makinsa?

Saboda haka muna roƙon malamanmu su riƙa ba da ainihin abin da suka buga a kwamfuta. Ƙungiyar Ɗalibai kuma ta naɗa kwamitin juyawa, a cikinsa a sa mutum biyu masu bin ƙugiya layi-layi kafin a raba.