Ta tafi aure Kanada, an ce ta zauna gida: laifin wa?

Ƙarfe biyu na dare saƙon murya ya shigo mini ta WhatsApp. Ƙawata ce da muka yi karatu tare a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, yau wata goma sha ɗaya ke nan tana Monreyal wurin mijinta. Cikin raɗa take magana don kada ya ji. Ta ce: "Ƴar uwa, ko kuɗin sabulu sai na roƙa. Ya ce doka ta hana ni aiki har sai takardar zama ta fito, in na kuskura za a maido ni gida." Wannan fa mace ce mai lisansi a lissafin kuɗi, wadda sa'ad da take Maraɗi ita ke biya wa ƙannenta biyu kuɗin lakwal.

Abin da mijin ya gaya mata rabin gaskiya ne, kuma rabin da ya ɓoye shi ne mai amfani gare ta. Gaskiya ne wadda ta shiga Kanada da bizar ziyara ba ta da izinin aiki, in ta yi a ɓoye tana iya ɓata dosiyenta. Amma tun Disamban 2014 ma'aikatar shige da fice ta Kanada, IRCC, ta buɗe hanya: mata ko mijin da aka shigar wa dosiyen ɗaukar nauyi, abin da ƴan uwanmu na can ke ce wa parenaj, yana iya neman buɗaɗɗiyar takardar aiki tun kafin a yanke hukunci. Buɗaɗɗiya, wato ba a ɗaure ta da wani uban gida ɗaya ba. Da farko waɗanda suka shigar da dosiye daga cikin ƙasar ne kawai ke samu. A watan Mayun 2023 aka faɗaɗa ta ga waɗanda dosiyensu ya bi layin waje amma suna zaune a Kanada. Sharuɗɗan ba su da yawa: ki kasance gida ɗaya da wanda ya ɗauki nauyinki, izinin zamanki na wucin gadi bai mutu ba, kuma wasiƙar da ke shaida an karɓi dosiye cikakke ta iso. Kuɗin dalar Kanada 255 ne, wato ɗan sama da jika ɗari na sefa.

To in haka ne, me ya zaunar da ƙawata wata goma sha ɗaya? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Laifin ya rabu gida biyu, kuma ba zan sassauta wa kowane ba.

Mu fara da gwamnati. Wace hikima ce a bar mutum ya shigo, a yarda ya zauna da iyalinsa, a karɓi kuɗin dosiye, sannan a ce hannunsa ya jira? Sai ya jira wasiƙar karɓa, sannan ya shigar da wata buƙata dabam, ya sake biya, ya sake jira watanni. Kuɗin haya ba ya jira, sanyin Janairu ba ya jira. IRCC na cewa burinta ta gama dosiyen ma'aurata cikin wata 12, amma a jihar Kebek, inda mafi yawan namu ke dosa saboda faransanci, jiran ya kai kusan shekara uku. Kebek na da nata mataki na biyu, kuma daga 26 ga Yunin 2024 ta ƙayyade dosiyen haɗa iyali 13,000 kawai cikin shekara biyu, 10,400 daga ciki na ma'aurata da manyan ƴaƴa. A watan Yulin 2025 aka ce gurbin ma'aurata ya cika. Ma'aurata su yi layi kamar masu jiran buhun gero a shekarar fari.

Na san amsar da za a ba ni: akwai auren bogi, in aka sauƙaƙa kowa zai ƙulla aure don takarda. Auren bogi gaskiya ne, babu mai musu. Amma ai a cikin dosiye ake gano shi, da hotuna da saƙonni da tambayoyi, kuma wanda aka kama da ƙarya ana hana shi shiga ƙasar shekara biyar. Zaman banza na watanni ba ya tona asirin maƙaryaci ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki mai gaskiya ya miƙa wuyansa a hannun mutum guda. Ku lura, wanda ya ɗauki nauyi yana da damar neman janye dosiye muddin takardar zama ba ta fito ba. Ci da sha a hannunsa, makoma a hannunsa. Kanada da kanta ta san haɗarin wannan: a 2012 ta ɗora wa wasu ma'aurata sharaɗin zama tare shekara biyu kafin takardarsu ta tabbata, a 2017 ta soke shi bayan an nuna mata yana kulle mata a gidajen da ake cutar da su. Tunda an gane wancan, sai a ƙarasa. Ranar da aka karɓi dosiye, ranar ya kamata izinin aiki ya fara.

Yanzu mu dawo gida, nan ne ya fi ciwo. Yayyena maza da ke can, da ku nake. Da yawanku kun san da wannan takarda sarai, kun yi shiru. Kalmar sirri ta asusun IRCC tana hannunku, wasiƙu na shigowa salularku, matar ba ta taɓa ganin lambar dosiyenta ba. Ko gardama ta tashi sai "ni na kawo ki, ni zan maida ki." Malam, ba kaya ka yi oda ba. Ka sa hannu a alkawarin ɗaukar nauyinta na shekara uku daga ranar da ta samu takardar dindindin, ko da aure ya mutu. Kuma in ta samu, saki ba ya ƙwace mata ita. Maza ma na shan wannan azaba a hannun matan da suka kai su, sai dai kunya ta hana su faɗa.

Iyayenmu kuma, in ɗiya ta kira tana kuka, "yi haƙuri" ba ita kaɗai ce amsa ba. Mu da muka tashi muna ganin uwayenmu da sana'arsu, mai ƙuli-ƙuli, mai ɗinki, mai adashi, yaushe muka fara ganin neman na kai abin kunya ne ga matar aure?

Sai ƴan kamasho masu buɗe shafi a Facebook da TikTok suna alkawarin takardar aiki cikin sati biyu. Doka a Kanada ta ce wanda zai karɓi kuɗi don ba da shawarar shige da fice sai lauya, ko notaren Kebek, ko mai rajista da hukumar masu ba da shawara ta ƙasar, kuma ana iya duba sunansa a intanet kyauta. In ɗan kamasho ya cusa ƙarya a dosiye, ke za a hukunta.

Ƙanwata da ake shirin kai ki, ki riƙe waɗannan tun kina gida. Tun Yunin 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura babu ɗaya daga cikin ma'auratan a wurin, ko ta waya, a dosiyen parenaj. Mu kuwa mun saba wakili ya karɓa ango na ƙasar waje, don haka ku tabbata ku biyun kun halarta, da takardar meri a hannu. Fasfonki ya zauna a jakarki. Ki buɗe imel naki na kanki, ki ajiye kwafin kowace takarda. In kin shiga da bizar ziyara, galibi wata shida ake ba ki, ki nemi ƙari kafin ya ƙare. In kuma zama ya koma duka da barazana, tun Yulin 2019 akwai izinin zama na musamman ga waɗanda ake cutarwa a gidan aure, kyauta, tare da damar aiki, ba tare da sa hannun mijin ba.

Ƙawata ta nemi lambar dosiyenta makon jiya. An yi rigima, amma ta samu, ta shigar da buƙatar da ta cancanta tun watanni da suka wuce. Akwai wasu irinta da yawa da ba su da wanda za su aika wa saƙo cikin dare. In kana da ƴar uwa ko ɗan uwa a can, kira shi yau, ka tambaye shi: takardunka a hannun wa suke?